Daga Kamchatka zuwa tafkin Nyos: yadda ruwa ke tashi, da abin da ya wajaba masallatanmu su koyar

  

A ranar Laraba 30 ga watan Yuli na 2025, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8.8 ta auku a ƙarƙashin teku, gabas da yankin Kamchatka na ƙasar Rasha. Tana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa tun da aka fara auna girgizar ƙasa da na'ura. Cikin ɗan lokaci aka yi shelar tsunami a ƙasashen da ke bakin tekun Fasifik, tun daga Japan har zuwa Hawai da Chile. A Japan kaɗai an umurci mutum kusan miliyan biyu su bar bakin ruwa su hau tudu. Ruwa ya shiga tashar jiragen ruwa ta garin Severo-Kurilsk, amma cikin ikon Allah asarar rayuka ta zo kaɗan ƙwarai in an kwatanta da girman girgizar.

Abin ya faɗo a farkon watan Safar, don haka ba a rasa masu tura saƙonni a waya ba, suna cewa ga irin sharrin watan nan. Amsar wannan gajera ce: Manzon Allah (SAW) ya kore camfin da Larabawan jahiliyya suke yi da Safar, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Babbar girgizar Indonesiya ta 2004 a watan Zulƙida ta zo, ta Japan ta 2011 kuma a Rabi'ul Akhir. Wata ba ya girgiza ƙasa.

Tambayar da ta fi tsaya mana a rai ita ce wadda ɗalibai suka yi mana bayan karatun magariba a nan Garwa. Suka ce: mu da ke tsakanin duwatsu da kogin Binuwai, ɗaruruwan kilomita daga teku, ina ruwanmu da tsunami? Mun ga ya dace mu amsa a rubuce, musamman da yake a watan Agusta na 2025 ne aka cika shekara 39 da musibar tafkin Nyos, wadda ta auku a ƙasarmu ta Kamaru, kuma a cikinta akwai igiyar ruwa irin wadda muke magana a kai.

Bambancin igiyar iska da tsunami

A cika daro da ruwa. In ka hura shi da baki, saman ruwan ne kaɗai zai motsa, na ƙasa yana nan kwance. Haka igiyar da iska ke kaɗawa take a teku ko a tafkin Lagdo. Amma in ka buga gindin daron daga ƙasa, ko ka jefa ƙaton dutse a ciki, ruwan gaba ɗayansa zai tashi, daga gindi har sama, ya fantsamo waje. Wannan shi ne asalin tsunami: a ture ruwa mai yawa daga mazauninsa farat ɗaya. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta igiyar tashar jiragen ruwa.

Abin da ya fi yawan ture ruwan teku haka shi ne girgizar ƙasa. Allah Ya halicci ɓawon duniya a matsayin manyan shimfiɗun dutse da ke haɗe da juna, kamar yadda laka ke daddarewa in fadama ta bushe. Waɗannan shimfiɗu suna tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsirar farce. A wasu wurare, kamar gaɓar Indonesiya da Japan da Kamchatka da Chile, shimfiɗa ɗaya tana cusa kai ƙarƙashin ɗaya. Sai bakinsu ya sarƙe, ta ƙasa tana jan ta sama tana lanƙwasa ta, shekara ɗari, shekara ɗari biyu, ko fiye. Duk wanda ya ga makiyayi ya lanƙwaso reshen itace don awaki su ci ganye ya san abin da ke faruwa in reshen ya kuɓuce: zabura yake yi sama da ƙarfi. Ranar da sarƙewar ta kwance, ƙasan teku kan zabura sama da mita da dama, ta ɗaga duk ruwan da ke kanta.

Haka ya faru ranar 26 ga Disamba, 2004, kusa da tsibirin Sumatra. Girgizar ta kai maki 9.1, tsagewar kuma ta yi tsawon kusan kilomita 1,300, wato fiye da tafiyar mota daga Garwa zuwa Yawunde. Mutum kimanin 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, mafi yawansu Musulmin lardin Aceh.

Ba kowace girgiza ke haifar da tsunami ba. Galibi sai ta kasance a ƙarƙashin teku ko dab da shi, mai ƙarfi, wato wajen maki 7 zuwa sama, ba mai zurfi sosai a cikin ƙasa ba, kuma motsinta na sama da ƙasa ne. In shimfiɗun sun goga juna ne gefe da gefe, ruwan ba ya ɗaguwa sosai.

Daga nan sai tafiya. A tsakiyar teku, inda zurfi ya kai kilomita huɗu, igiyar na gudun kilomita 700 zuwa 800 a awa ɗaya, gudun jirgin sama. Amma tsayinta a can sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, har jirgin ruwa kan wuce ta kanta ba a sani ba. Idan ta iso inda ruwa ba zurfi, gabanta sai ya rage gudu, bayanta kuma yana nan tafe da ƙarfi, sai ruwan ya hau kan juna ya yi tsiri. Shi ya sa abin da bai kai ƙugu ba a tsakiyar teku yake iya shanye bene a bakin gaɓa. Igiyar 2004 ta isa birnin Banda Aceh cikin ƙasa da rabin awa, ta isa Sri Lanka bayan kamar awa biyu, ta isa Somaliya bayan kamar awa bakwai, ta kashe mutane a garin Hafun, waɗanda ko jin girgizar ba su yi ba. A lokacin babu tsarin gargaɗi a tekun Indiya. Sai a 2006 aka kafa shi. Bambancin 2004 da 2025 ke nan: a Kamchatka an auna, an yi shela, mutane kuma sun ji sun tashi.

Zaftarewar ƙasa: wadda ba ta sallama

Hanya ta biyu ita ce ta jefa dutse a daro. A ƙarƙashin teku akwai gangare da kwazazzabai, kuma laka da yashin da koguna ke kaiwa suna taruwa a kansu shekara da shekaru. In wannan tarin ya zame lokaci guda, yakan ja ruwan da ke bayansa ƙasa, ya tura na gabansa sama. Irin wannan igiya ba ta cika yin nisa ba, amma a kusa takan yi tsayi ƙwarai, kuma takan iso cikin mintoci kaɗan.

A ranar 17 ga Yuli, 1998, girgiza mai maki 7 ta auku a arewacin Papuwa Nugini. Ƙarfinta bai isa ya kawo babbar igiya ba, amma ta zaftare gangaren ƙarƙashin teku, ruwa ya taso ya kashe mutum fiye da 2,000. A ranar Juma'a 28 ga Satumba, 2018, dab da magariba, girgiza mai maki 7.5 ta auka wa birnin Palu na Indonesiya. Irin mai goga gefe da gefe ce, wadda ba a cika tsammanin tsunami daga gare ta ba, amma ruwa ya shigo cikin mintoci, kuma masu bincike sun gano zaftarewar gaɓa da ta ƙarƙashin ruwa na cikin dalilan. Girgizar da ruwan da nutsewar ƙasa sun ci rayuka fiye da 4,000. Wata uku bayan haka, ranar 22 ga Disamba, gefen dutse mai aman wuta na Anak Krakatau ya ɓalle ya faɗa teku da dare. Babu wata babbar girgiza da za ta farkar da mutane, ruwa kawai suka gani, fiye da mutum 400 suka rasu.

Wannan hanya ta biyu ba ta buƙatar teku. Ranar 9 ga Oktoba, 1963, a ƙasar Italiya, gefen dutse ya zame ya faɗa cikin tafkin madatsar ruwa ta Vajont. Ginin madatsar bai karye ba, yana nan tsaye har yau. Ruwan ne ya tsallake ta kansa ya shafe garin Longarone, mutum kusan 2,000 suka halaka cikin mintoci.

Namu na gida: Monoun da Nyos

Kamaru tana kan wani jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga tsibiran teku, ya bi ta dutsen Kamaru da tsaunukan yamma, ya hau tudun Adamawa, har zuwa duwatsun Mandara. Tsinin duwatsun Rumsiki da baƙi ke zuwa kallo ragowar tsofaffin bakunan aman wuta ne, haka tafkin Tison da ke kusa da Ngaundere. Dutsen Kamaru kuwa yana da rai: ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a 1999 narkakken dutsen ya datse hanyar bakin teku da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau.

Tafkin Nyos yana yankin Menchum, kusa da Wum, a cikin tsohon bakin aman wuta, zurfinsa kimanin mita 200. Daga ƙarƙashinsa iskar gas irin wadda ke cikin kwalbar lemo tana shiga ruwa a hankali. Nauyin ruwan sama ya danne ta a ƙasa, kamar yadda murfi ke danne ta a kwalba. Ranar Alhamis 21 ga Agusta, 1986, da dare, tsakiyar damina, wani abu ya dama ruwan. Masu bincike da yawa sun karkata ga cewa zaftarewar ƙasa ce ta faɗa cikin tafkin. Ruwan ƙasa ya taso, iskar ta kuɓuce, kuɓucewarta ta jawo wani ruwan daga ƙasa, har tafkin ya tumbatsa kamar an jijjiga kwalba an buɗe. Igiyar da ta tashi ta kai kimanin mita 25 a wani gefen tafkin, ta kankare ciyayi da itatuwa. Wannan tsunami ce ta cikin tafki, a tsakiyar tudu.

Sai dai ba ruwan ne ya yi kisan ba. Iskar da ta fito ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta da launi, don haka ta gangara kwari tana bin hanyar rafi kamar ruwa, ta kori iskar numfashi har tsawon kusan kilomita 25. Mutum 1,746 suka rasu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewaye, da dabbobi kimanin 3,500. Da yawa a kan shimfiɗarsu aka same su. Cikin mamatan akwai 'yan'uwanmu Fulani makiyaya, waɗanda suka tafi tare da iyalansu da shanunsu a dare ɗaya. Waɗanda suke kan tudu sama da inda iskar ta bi, da yawansu sun tsira. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya ba sauran iyalai haƙuri.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne, shekara biyu kafin Nyos, ranar 15 ga Agusta, 1984, irin wannan ya faru a tafkin Monoun kusa da Fumbot, mutum 37 suka rasu. Gargaɗi ya zo, amma ba a fahimce shi ba sai da babbar ta auku. Bayan an fahimta kuwa an sami magani: a 2001 an kafa bututu a Nyos da ke zuƙo ruwan ƙasa yana sakin iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu biyu a 2011, an kuma yi wa Monoun irin haka. Har ila yau, saboda fargabar karyewar bangon dutsen da ya tare ruwan Nyos, wanda in ya ɓalle zai bi kogin Katsina-Ala ya shiga Nijeriya, an gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba. Ilimi ne Allah Ya sa ya zama sababin wannan kariya.

To mu a bakin Binuwai fa?

Mu faɗi gaskiya kada mu tsorata jama'a a banza. Garwa ba ta fuskantar tsunami ta teku. Tafkin Lagdo kuma ba bakin aman wuta ba ne, ruwan madatsa ne da aka gina tsakanin 1977 da 1982, ba shi da iskar Nyos. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa Lagdo zai fashe kamar Nyos, ka san bai san abin da yake faɗa ba.

Amma akwai abin da ya haɗa mu da mutanen Hafun: ruwan da sababinsa ke nesa. Kowane ɗan arewacin Kamaru ya san halin mayo. Da safe yashi ne busasshe, yara na ƙwallo a ciki, mata na tonon ruwa, sama garau. Can a kan duwatsu an kwana ana ruwa, sai ga shi ya taho da itatuwa da dabbobi. Mutanen Marwa sun san haka a Mayo Kaliyawo. Haka in tafkin Lagdo ya cika aka buɗe ƙofofi, ga ruwan Mayo Kebbi, ga na Faro a gaba, Binuwai kan hau har ya shiga gidaje da gonaki, daga nan har Yola da Makurɗi da Lokoja. Mun ga haka a 2012, shekarar da ambaliya ta raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a Nijeriya, mun kuma gani a 2022. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, a daidai lokacin da mutanen Yagwa su ma suke cikin ruwa. A duk waɗannan, kamar a tsunami, akwai tazara tsakanin sababi da isowar ruwa, wani lokaci mintoci, wani lokaci kwanaki. A cikin wannan tazara ake tsira ko a halaka.

Hukuncin addini

Mun yi imani babu abin da ke motsi sai da izinin Allah, kuma girgizar ƙasa aya ce da ke tunatar da mu ranar da Suratuz Zalzala ta ba da labarinta. Sanin yadda abin ke faruwa bai rage wannan da komai ba, kamar yadda sanin lissafin husufi bai hana mu sallar husufi ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwarsa, shi kuwa ya gyara musu fahimta nan take. Ke nan ba mu da izinin ƙirƙira wa ayoyin Allah dalilai daga kanmu.

Don haka muke jan kunnen masu wa'azi da ke saurin yanke cewa mutanen wuri kaza sun halaka ne saboda zunubinsu. Wa ya sanar da kai? Aceh ita ake wa laƙabi da barandar Makka saboda riƙon addinin mutanenta. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Musiba kan zama jarrabawa ga wani, kaffara ga wani, ɗaukaka ga wani, gargaɗi ga wanda ya rage. Rabonmu a ciki shi ne tuba da istigfari da sadaka da taimakon waɗanda abin ya shafa.

Haka kuma gudun halaka ba raunin tawakkali ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida (RA) ya yi masa magana a kan ƙaddara, sai ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su. Wanda aka ce masa ruwa na zuwa ya ce ba zai tashi ba sai abin da Allah Ya yi, ya zaɓi fako ne, kuma ya jefa matansa da 'ya'yansa a ciki. Malamai sun yi bayani cewa ana yanke salla, ko da farilla ce, don ceton rai. In ruwa ko girgiza ta riski jama'a a sahu, liman ya sallame su, a rama daga baya.

Akwai wani tsibiri na Musulmi da ake kira Simeulue, yana dab da inda girgizar 2004 ta tashi. A 1907 tsunami ta yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira suka sa wa abin suna smong, suka riƙa koya wa 'ya'ya da jikoki cewa in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, teku ya ja baya, kada a tsaya tsintar kifi, a gudu kan tudu. Da ranar ta zo bayan shekara 97, cikin mutum kimanin 78,000 bakwai kaɗai suka rasu. Ba su da na'ura, ba su da jiniya. Abin da kakanni suka faɗa aka riƙe, Allah Ya sa ya zama sababi.

Abin da muke kira a yi

Na farko, kowane kwamitin masallaci da ke unguwar da ruwa ke shiga ya zauna tun yanzu da dattawan da suka ga ambaliyar baya, a san inda ruwa ya tsaya, a san tudun da za a nufa da hanyar zuwa can, a san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da naƙasassu.

Na biyu, lasifikar masallaci ta isar da sanarwar hukuma game da ruwa, da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan unguwa, domin da yawa ba sa jin Faransanci. A tabbatar da labari kafin a yi shela. Shelar ƙarya sau ɗaya tana sa a ƙi jin ta gaskiya.

Na uku, malaman allo da na Islamiyya su hana almajirai wanka da wanki da kwana a cikin mayo a damina, ko da sama na garau. Masu zuwa kallon ruwa a bakin gaɓa su sani gaɓar da ruwa ya ci ta ƙarƙashi zaftarewa take yi.

Na huɗu, 'ya'yanmu da ke zuwa karatu ko fatauci a garuruwan bakin teku, a gida ko a waje, su riƙe alamu uku: girgiza mai ƙarfi ko mai tsawo, janyewar teku ba zato, da ƙara kamar ta jirgi daga wajen ruwa. In an ga ɗaya, a hau tudu ko bene mai ƙarfi ba tare da jiran sanarwa ba, kuma kada a sauko da wuri, don igiyar farko ba lallai ita ce babba ba.

Na biyar, muna kira ga ɗalibanmu masu basira su karanci ilimin ƙasa da na ruwa. Al'ummar da ke zaune tsakanin madatsa da kogi tana buƙatar 'ya'yanta masu auna ruwa kamar yadda take buƙatar likitoci, kuma wannan yana cikin farillar da in wasu suka ɗauke ta sauka daga kan saura.

Muna roƙon Allah Ya kiyaye mu daga ambaliya da girgiza da mutuwar fuju'a, Ya sa daminar bana ta zama ta albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne Mafi sani.